Rayuwar Baba Guduma, Mai Sauraron Ƙafafun Jirgi

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayin da jama'a suka sani da Baba Guduma ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 1957, a layin ma'aikata da ke bayan tashar jirgin ƙasa, gida na uku daga tankin ruwa. Mahaifinsa mai sauya wa jirage layi ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma babu abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa sai kunne.

Tun yana ɗan shekara biyar, in mahaifiyarsa za ta sayi kwanukan tangaran, da shi take tafiya. Sai ta miƙa masa cokali, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan bugawa, kansa a karkace. Duk wanda ya ture gefe, ko ido bai ga komai ba, to akwai tsaga a jikinsa. Da masu shaguna sun hango su sai su ce, "Ungozoma, don Allah yau ki bar mana alƙalin nan a gida!"

Karatu

Ya shiga firamare a shekarar 1964, ya wuce makarantar koyon sana'a a 1971. Malamansa sun shaide shi da ladabi da ƙarancin magana, amma ba su taɓa zarginsa da hazaƙa a lissafi ba. Ya kammala a 1975 da sakamako matsakaici, da kuma takardar shaida daga malamin ƙira, wanda ya rubuta cewa wannan ɗalibi yana jin abin da ƙarfe ke faɗa.

Aiki

A watan Fabrairu na 1976 aka ɗauke shi aiki a tashar da ya girma a bayanta, a matsayin mai duba ƙafafun jirgi. Kayan aikinsa biyu ne kacal, guduma mai doguwar ƙota da guntun alli. Da jirgi ya tsaya, sai ya bi taragu daga kai har wutsiya, yana buga kowace ƙafa sau ɗaya. Lafiyayyar ƙafa takan yi amo mai tsawo, siriri, kamar ƙararrawa. Mai tsaga kuwa amonta gajere ne, a dushe. Irin wannan sai ya zaga ta da alli, kuma taragon ba zai motsa ba sai an sauya ta, ko wane ne a ciki. A nan abokan aiki suka laƙaba masa Guduma, har sunan yanka ya ɓace.

Yana da wata ɗabi'a da ya gada daga tsohon da ya koya masa aikin. In an tashi, sai ya goge gudumar, ya naɗe ta a tsumma, ya kwantar da ita a akwati ya rufe. Ya yi imani cewa kayan aikin da ya gaji hutu yake so, a wuri mai duhu, babu mai taɓa shi.

Aure da Iyali

Matarsa ma kunne ne ya samo masa ita. A hanyarsa ta zuwa tasha akwai wata taga mai koren labule, inda kullum yake jin ƙarar keken ɗinki da muryar mace tana waƙa, tana bin takun keken daidai wa daida. Wata bakwai yana rage sauri a gindin tagar nan kafin ya san fuskar mai muryar. An ɗaura musu aure a watan Disamba na 1981. Tela, kamar yadda unguwa ke kiranta, ta tare da kekenta da waƙoƙinta, kuma Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar tsakanin 1983 da 1996. Ta sha faɗa wa ƙawayenta cewa ita ba a ganta aka aura ba, jin ta aka yi.

Shekarun Jarrabawa

A watan Maris na 2008, yana durƙushe a gindin wani tarago, bututun iskar birki ya fashe dab da kunnensa na hagu. Babu jini, babu rauni. Ya kakkaɓe rigarsa ya ƙarasa aikinsa. Sai dai tun daga ranar wata ƙara ta tare a kansa, siririya, mai tsini, kamar kukan gyare, ba ta tsayawa ba ta numfasawa. Babban tashin hankalin shi ne, daidai inda amon lafiyayyar ƙafa yake, nan ta zauna. In ya buga guduma, sai ya rasa wanne ne na ƙarfe, wanne ne na kansa.

Bai faɗa wa kowa ba a tasha. A gida kuwa ya yi wa kunnensa abin da ya saba yi wa guduma. Ya cusa auduga, ya shige ɗaki ya ja labule. Ya cire batirin agogon bango. Ya sa aka kai rediyo gidan babbar 'yarsa. Ranar da ya zo kan abu na ƙarshe, sai da ya daɗe a bakin ƙofar ɗakin ɗinki.

"Maman yara, waƙar nan a ɗan dakata da ita. Kunnen hutu yake so."

"Har yaushe, Malam?"

"Sai ya warke."

Ta cire ƙafa daga keken, ta dube shi. "To. Allah ya ba shi lafiya."

Shekara uku da wata tara gidan nan bai ji waƙa ba. Jikoki in sun zo da sanɗa suke tafiya. Ƙarar kuwa, maimakon ta ragu, sai ta samu fili ta miƙe ƙafa. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, ya zama mai saurin fushi. Don tsoron kada mai tsaga ta wuce shi ta hallaka mutane, sai ya shiga zaga wa lafiyayyun ƙafafu alli. A watan Disamba na 2011 kaɗai ya tsayar da jirage huɗu, aka kwance ƙafafun, ba a samu komai ba.

A farkon Janairu na 2012 Manaja ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa.

"Baba, ni a hannunka na koyi riƙe alli, ba zan yi maka ƙarya ba. Na sama sun ce a karɓi gudumar a mayar da kai gadin ƙofa. Na roƙa maka wata shida. A Yuli za a gwada kunnenka a gaban kowa."

Ya fito ya koma bakin aiki. Shekara talatin da shida yana riƙe da gudumar nan.

Magani

A makon ne wata ma'aikaciyar asibiti ta kawo wa Tela ɗinkin fararen kaya. Ta zauna jim, ta waiga hagu da dama, ta ce, "Anti, wai rasuwa aka yi a gidan nan? Ina waƙar?" Tela ta kwashe labari ta faɗa mata, ita kuwa ta ba ta shawarar a kai shi wajen likitar ji, mai duba kunne. Kwana biyu bayan haka ta sanar da maigidan cewa kunnenta na ciwo, ya raka ta asibiti. Sai da suka zauna a gaban likitar ji, wata mace mai tabarau da fara'a, sannan Tela ta nuna shi da haɓa.

"Likita, ga mai ciwon nan. Ni lafiyata ƙalau."

"Maman yara! Ƙarya da furfura?"

"Ta farko ke nan cikin shekara talatin. Zauna."

Likita ta fara da zare audugar ta jefa a kwandon shara. Ta gwada jinsa, ta tabbatar masa kunnen bai mutu ba. Sannan ta ɗora masa abin sauraro a kai, ta ce za ta riƙa sako sauti iri-iri, ya gaya mata wanda ya yi kama da na kansa. Ta gargaɗe shi cewa mutane kan yi zuwa uku kafin a dace.

"Ƙara sama," in ji shi, ido a rufe. "Sama kaɗan. A'a, kin wuce. Dawo. Tsaya nan. Shi ne."

Ta maimaita sau uku tana ɓoye masa allon, sau uku yana tsayar da ita a wuri guda. Ta cire tabarau. "Baba, mene ne sana'arka?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Shirun da ya gina wa kansa shi ke ciyar da ƙarar, kamar fitilar da ke cika ido a ɗaki mai duhu amma ba a kula da ita a tsakar rana. Kunne ba guduma ba ne, ba a naɗe shi a tsumma. Za a ɗauki kiɗan da yake ƙauna, a yanke daidai wannan siririn sautin daga cikinsa, ya riƙa saurara a hankali, awa biyu kullum, ko ƙwaƙwalwa ta koyi sakin abin da ta ƙanƙame. Ba ta yi masa alkawarin warkewa ba. Ta ce wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu.

"Yanzu faɗa min, wane mawaƙi kake so?"

Bai taɓa sayen kaset ba a rayuwarsa. Ya dubi takalmansa, ya ce, "Guda ɗaya ce. Na kuwa hana ta."

Tela ta kau da kai tana gyara mayafin da bai karkace ba. "Da bakinka ka kafa dokar, Malam. Da bakinka za ka cire."

"Na cire. Ki yafe min."

"Sai na yi shawara," in ji ta, amma muryar ta riga ta tona mata asiri.

Da aka kafa mata na'urar ɗaukar murya a asibiti, ko baiti ɗaya ya ƙi fita. Ta ce ita ba ta iya waƙa ba ƙafarta a ƙasa. Dole likita ta kwaso kayanta ta zo har ɗakin ɗinki, aka ɗauki waƙoƙi goma sha ɗaya tare da takun keken, aka haɗa da wasu kaɗe-kaɗe masu taushi, aka yanke sautin, aka zuba masa a waya.

Wata na farko babu canji, har ya yi niyyar komawa ga auduga, Tela ta kwashe ta kaf ta cusa a matashin kai. A wata na uku barci ya fara dawowa. A na biyar, wata ranar Asabar da hantsi, ya shanye kofin shayi, ya ajiye, sai ya tuna cewa tun da ya ɗauki kofin bai ji ƙarar ba. Tana nan, amma ta koma can baya, ta rage murya.

Ranar Gwaji

Ranar sha shida ga Yuli, 2012, aka jera ƙafafu goma sha biyu a rumfar gyara, ɗaya mai tsagar da injiniyoyi suka sani. Ma'aikata sun cika ƙofa. Baba Guduma ya kwance tsumman gudumarsa, ya bi layin ba gaggawa. Ya zaga wa ta huɗu alli. Ya wuce, ya buga ta tara, ya tsaya, ya sake bugawa, abin da bai saba yi ba. Ya zaga mata alli ita ma.

Manaja ya sunkuyar da kai. "Baba, guda ɗaya muka sa. Ta huɗun ce."

"Ku kuka sa ɗaya. Ta taran ba ta nemi izininku ba. A kai ta injin duba tsaga."

"Sabuwa ce fa, jiya aka sauke ta."

"Yaro, na ce a kai ta inji."

Aka gungura ta ɗakin na'ura. Minti arba'in ana jira, shi kuwa yana zaune a kan benci, guduma a cinya. Injiniya ya fito riƙe da takarda, ya ce akwai tsaga siririya kamar gashi a cikin cikinta, kuma a jirgin fasinja na jibi aka shirya ɗaura ta. Rumfar ta kaure da sowa. Baba Guduma bai tsaya karɓar gaisuwa ba. Ya naɗe gudumarsa ya nufi gida, ya rage sauri a gindin tagarsa, ya tsaya yana saurare har waƙar ta kai ƙarshe.

Shekarun Ƙarshe

Ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya cikin mutunci a watan Mayu na 2017. Ƙarar ba ta taɓa barinsa gaba ɗaya ba. Yakan ce ta zama maƙwabciya, suna gaisawa, kowa na harkarsa. Duk ranar Laraba yakan je ya zauna a layin masu jiran likitar ji, ba don ciwo ba. In ya ga mai auduga a kunne sai ya matsa kusa, ya ba shi labarinsa daga farko. Bai taɓa rufe addu'a ba tare da ya ambaci mata uku ba: likitar, da ma'aikaciyar da ta kawo ɗinki, da wadda ta yi masa ƙarya sau ɗaya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Lahadi, biyar ga Nuwamba, 2023, da la'asar, bayan gajeruwar jinya, yana da shekara sittin da shida. Awa guda kafin cikawarsa ya zare abin sauraron daga kunnensa, ya miƙa wa matarsa, ya ce ba na waya yake so ba. 'Ya'yansa maza suka ɗauko keken ɗinkin suka ajiye a bakin gadon.

An yi jana'izarsa aka binne shi a maƙabartar da ke gefen layin dogo, kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa, da 'ya'ya biyar: babbarsu malamar makaranta, mai bi mata direban jirgi, sai mai gyaran lantarki, sai wadda ta gaji keken ɗinki, sai auta da ke karatun aikin ji, da jikoki goma sha huɗu. Gudumar tana rataye a ɗakin ɗinki, a fili, babu tsumma. Tagar kuwa a buɗe take, kuma masu wucewa zuwa tasha har yau suna rage sauri. Allah ya jiƙansa da rahama.