Tarago na Huɗu

Shekara talatin da huɗu Cuthbert Yearwood ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa na cikin birnin Landan, a layi guda. Ko daga barci ka tashe shi zai jero maka tashoshin nan ashirin da bakwai ba tuntuɓe. Ya san kwanar da ƙarfe ke kuka, ya san inda ruwa ke ɗiga daga rufin ramin da jirgi ke bi a ƙarƙashin ƙasa. Abin da bai taɓa sani ba shi ne yawan matakalar kowace tasha. Ina ruwan direba da matakala? Nasa dai ya tsaya daidai alama, ya buɗe, ya rufe, ya ja. Sai da ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke ta daga gwiwa, aka sallamo shi a keken guragu yana da shekara saba'in da uku, sannan ya shimfiɗa taswirar da ya haddace ya ga ashe tashoshi tara ne kacal za su karɓe shi.

Matarsa Merle tana gidan kula da tsofaffi a unguwar Hollin Rise, inda suka yi ƙuruciyar aurensu. A wancan zamanin ɗakinsu na sama yana kallon kwanar da jirgi ke yi in ya bar tashar zai shiga gari. Duk sanda ya zo wucewa sai ya danna hon sau biyu gajeru, ita kuma ta ɗaga tsumman goge kwano ta taga. Maƙwabta sun kai ƙara har sun gaji. Da mantuwa ta kama Merle, 'yarsu ta zaɓi gidan tsofaffin nan ne saboda yana bakin wannan kwanar, kuma ƙarar jirgi na kwantar mata da hankali.

Kafin a yanke ƙafar, kullum yana wajenta. Yanzu wata biyar ke nan bai sa ta a ido ba, tsakanin asibiti da koyon zaman keke. Kewarta ta hana shi sakat. Yakan dafa shayi ya ga ya jera kofi biyu. Ma'aikaciyar gidan ta faɗa masa gaskiya a waya: da safe Merle na gane mutane, amma da ta ci abincin rana sai komai ya watse mata, kuma safiyar ma kullum raguwa take. In yana so ta gan shi ta san shi ne, ya iso kafin sha biyu.

'Yarsa ta ce za ta aiko da tasi ya kai shi har ƙofa.

"Tasi?" ya ce. "Uwarki ta auri direban jirgi, ta leƙo ta ga ana sauke shi daga bayan mota kamar buhun dankali? A jirgi na saba zuwar mata."

"Baba, taurin kan nan ne ya kai ka ga ƙafa ɗaya."

"To saura ɗaya, ki bar ni na more ta."

Kwana uku ya yi yana tsara tafiyar. Tashar Hollin Rise ba ta da lif, na'urar da ke hawa da sauka da mutane. Dandamalin masu fita daga gari sai an hau gada mai matakala arba'in da biyu. Na masu shiga gari ne yake da ƙofar gefe daidai da titi. Don haka dole ya wuce matarsa, ya je ƙarshen layi, tasha huɗu gaba, jirgin ya juyo da shi, ya sauka ta ɗaya gefen. A wancan dandamalin ma, wuri ɗaya aka ɗaga ya yi daidai da bakin jirgi, wurin da tarago na huɗu, na tsakiyar jirgin, ke tsayawa. Sauran duk ƙasa suke da kusan taƙi guda, ga rami tsakani.

Ranar Alhamis ya sa farar riga da ya goge da kansa, ya naɗe burodin kwakwa irin na mutanen Barbados da Merle ke so, ya ɗora a cinya. A tasharsu ya tarar da Dilys, tsohuwar ma'aikaciyar ƙofa da suka shekara ashirin suna tsokanar juna.

"Wa nake gani? Bert ne da sabon jirgi mai taya huɗu?"

"Wannan ya fi naku kiyaye lokaci."

Ta raka shi lif, ta tura shi cikin tarago na huɗu, ta dafa kafaɗarsa. "Saurara, tsoho. Nan za ka zauna. In an je ƙarshen layi kada ka motsa, ko gobara aka ce. Ka ji ni?"

"Ni za ki koya wa layin nan? Kina wasan 'yar tsana nake tuƙa shi."

"Na dai faɗa maka."

Sha ɗaya saura kwata jirgi ya tsaya a Hollin Rise ta gefen gada. Ƙofa ta buɗe, ya ga matakalar, ya ga rufin gidan tsofaffin a bayan itatuwa, tafiyar minti uku ga mai ƙafa. Wani saurayi ya haye gadar bibbiyu yana danna waya. Cuthbert ya bi shi da ido har ya ɓace, ƙofa ta rufe. Bai damu sosai ba, lissafinsa ya nuna sha ɗaya da kwata yana gaban Merle.

A ƙarshen layi dandamali shafe yake daidai da jirgi daga farko har ƙarshe. Direba ta fito daga ɗakin tuƙi za ta taka zuwa ɗaya kan, kamar yadda kowane direba ke yi in jirgi zai juya. Tana zuwa daidai tagarsa ta ja ta tsaya. Nasrin ce, wadda ya koya wa tuƙi shekara ashirin da suka wuce.

"Malam! Kai ne?"

"Har yanzu kina taka birki kamar mai kashe kunama? Tun daga gari nake jin sa a ƙuguna."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ci gaba da tafiya don lokaci ba ya jira, shi kuma ya murza keke ya fito ya jera da ita. Suka yi ta hira: wa ya yi ritaya, wa ya rasu, wa ya auri wa. Tafiyar nan ya yi ta sau dubbai, daga wannan kai zuwa wancan, da jaka a kafaɗa. Da suka kai ta shige ɗakin tuƙi, shi kuma ya shige tarago na farko, ya kafa keke a jikin ƙofarta, inda tsofaffin direbobi ke zama in sun tashi aiki. Sabo turken wawa. Rabon da ya ji daɗi irin na minti biyun nan tun kafin asibiti, kuma ko kaɗan Dilys ba ta faɗo masa a rai ba.

Sai da ƙofa ta buɗe a Hollin Rise ya ga dandamali can ƙasa. Ya leƙa baya. Ga wurin da aka ɗaga can, tarago biyu tsakaninsu, da shuɗin fentinsa. Ba ma'aikaci ko ɗaya da allon saukar keke, don ba wanda aka kira. Mai tarago na huɗu ba ya bukatar allo. Ya auna ramin da ido, ya auna ƙananan tayoyin gaba, ya san in ya gwada da fuska zai sauka.

Nasrin ta buɗe ƙofarta kaɗan, fuskarta ta sauya. "Malam, nan ne? Bari na kira a nemo allo. Zan riƙe jirgin."

"Minti nawa?"

"Goma, ko fi. Ba kowa a ofis yanzu."

"Jirgi nawa ne a bayanki?"

Shi ya koya mata cewa minti ɗaya a nan minti ashirin ne ga mutanen da ke cikin rami. Ya dubi agogo, ya dubi rufin gidan. Zuciyarsa na cewa a riƙe jirgin, kowa ya mutu. Bakinsa ya ce, "Rufe ki ja."

"Malam..."

"Ja, na ce. Amma in kin shiga kwanar nan, danna hon sau biyu. Gajeru."

Ta danna. Ya manna fuska a gilashi, sai dai itatuwan sun girma tun zamaninsa, ganye kawai ya gani.

Tashar gaba mai lif tana tasha biyar cikin gari. Ya sauka, ya haye, ya jira, ya sake fita, ya sake wuce Hollin Rise ta gefen gada, ya sake zuwa ƙarshen layi. Wannan karon ya danne birkin keke a tarago na huɗu kamar an dasa shi. Ƙarfe ɗaya da rabi ya shiga gidan tsofaffin, riga ta jiƙe da gumi, burodi ya lotse.

Merle na zaune bakin taga, an kwashe kwanukan abinci. Ta rame, an tsefe mata kai ba yadda take so ba. Ta dube shi, ta dubi keken, ta dubi inda aka naɗe ƙafar wando, cikin ladabin da take yi wa baƙi.

"Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

"Ke nake nema, Merle."

"Ayya. Sabon zuwa ne kai? Za ka saba, suna da kirki." Ta karɓi burodin ta shinshina, ta gutsura. Sai ta matso ta rage murya. "Mijina direba ne. Dogo, ya fi ƙofar nan. Ya daɗe bai biyo ba, har na fara fushi. Ɗazu ya wuce, ya yi mini hon biyu." Ta nuna masa ƙyallen goge baki da ke dunƙule a hannunta. "Na ɗaga masa. Ban sani ba ko ya gani."

Cuthbert ya dubi ƙyallen.

"Ya gani," ya ce. "Ina cikin jirgin."

"To madalla." Ta mayar da ido taga. "Zai sake biyowa anjima. In ba ka sauri, zauna mu jira shi."

Ya gyara keke ya matsa kusa da kujerarta, ya danne birki.