Daji Ba Ya Son Ƙarfe, In Ji Su

Da kakar bana yayata Hajara ta cika shekara arba'in a ƙasa, ni kuwa har yau raina bai huce ba.

Abin da ya taso min da maganar, rediyo ne. Na ji ana cewa masana sun tatso wasu sinadarai daga jikin tauraron teku, wata halittar ruwa mai hannu biyar, suka ga suna kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji. Mai bayanin ya ja kunne cewa abin bai zama magani ba tukuna, da sauran tafiya. Da Yaya na nan da ta yi dariya har da riƙe ciki. Matar da ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba, a ce mata ana laluben maganinta a ƙarƙashin teku!

Ƙullutu ne ya fito mata a nono, tana tsakiyar sana'arta ta ƙuliƙuli a ƙauyenmu, gefen Malumfashi. Lokacin ina aiki a injin gurzar auduga na Funtua. Na yi magana da wani direba zai kai mu asibiti Zariya, ita ma ta ɗaure kayanta. Sai Kawu Sule, ƙanen mahaifiyarmu, ya tara dangi, ya ce wannan daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe: allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, ya fusata ya bazu. Kowa ya gyaɗa kai. Aka kwance kayan, aka koma jiƙe-jiƙen saiwa da turare har wari ya hana mutane zama ɗakinta.

Ban ce da mun je da ta rayu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da ke ƙona min rai, har gobe ana faɗa wa mata wannan magana a ƙauyukanmu, mota na wucewa Zariya ta ƙofar gidansu. Wasu na can suna nutso cikin teku saboda cutar, mu tafiyar hantsi ta gagare mu.

Na daɗe ina ɗora wa Kawu laifin, Allah ya jiƙansa. Amma abin da ya rage min na Yaya tambaya ce. Ranar taron ta juyo ta dube ni gaban kowa.

"Habu, kai da ka yi boko, me ka ce?"

Na ji nauyin Kawu, na sunkuyar da kai. Ta jira ni, ta jira, sannan ta sa hannu ta kwance ƙullin kayanta da kanta.