Ranar da Na Hau Kujerar Alhaji Sule

Ku yaran yanzu da kuke kirana injiniya, bari in gaya muku irin injiniyan da nake: ranar da na fara ganin lasifikar Alhaji Sule, tambaya na yi ina za a kafa ƙofar. Wannan rana dai ba ta fita raina ba.

Aikina tun ina saurayi ɗaura lasifika ne. Masallaci, suna, taron siyasa, daga Roni har Babura babu bishiyar da ban hau ba. A aji uku na bar firamare, kuma malaminmu bai yi kukan rabuwa da ni ba. Ƙa'idar aikinmu ɗaya ce: ka ɗaura, ka kunna, ka taka zuwa ƙarshen layi. In kana jin magana daga can, aiki ya yi.

Bayan ƙaramar sallar bara waccan Alhaji Sule ya aiko a kira ni. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne a nan Kazaure, kuma shi ne shugaban kwamitin masallacin unguwarmu, wato duk aikin lasifikar masallacin daga hannunsa yake fitowa. 'Yarsa Binta, likita ce a ƙasar waje, ta aiko masa da lasifika biyu don ya riƙa jin kiɗan garaya da yake so. Tsayinsu ya kai kafaɗata, kaurinsu bai wuce allon karatu ba. Babu akwati, babu ƙaho, kai ka ce ƙyauren ƙofa ne.

Alhaji ya ce, "Idi, in ba za ka iya ba ka faɗa, in ɗauko mutum daga Kano. In ya zo sai ya duba mana na masallaci ma."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na Kano ai mu muka koya musu." Ban koya wa kowa komai ba, amma masallacin nan nake ji.

Na yi abin da duk mai hankali zai yi. Na jingina su da bango, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, na juya fuskarsu wajen ƙofa, na haɗa waya da amfilifaya, na kunna. Sannan na sa takalmina na fita har wajen mai shayi. Shiru. Na dawo na ƙara murya, na sake fita. Abin da na jiyo kamar sauro a cikin gwangwani. A karo na uku na murɗe ta har ƙarshe, fis ya ƙone.

Ina durƙushe ina canza fis sai Alhaji ya kira Binta ta bidiyo, ya juya wayar ta ga aikina. Ta yi salati.

"Baba Idi, wa ya manna su da bango? Ai ta gaba da ta baya duk suna fitar da sauti. Ku jawo su kamar taku biyu, ku karkato su wajen kujerar Baba."

Na ce, "Likita, to maƙwabta fa?"

"Ba na maƙwabta ba ne. Mutum ɗaya ne zai ji daidai, wanda ke kan kujerar."

Duk wannan tafiya a jirgi don kunne biyu! Na dai jawo su tsakiyar falo, suka tsaya kamar baƙin da ba a ba wa tabarma ba. Na koma bakin ƙofa na zauna a ƙasa, inda na saba zama in na zo gaishe da Alhaji. Daga nan nake cewa ya yi, Alhaji daga kan kujerarsa yana cewa bai yi ba, mai garayar ya gudu hagu. In matsa wannan, ya ce yanzu ya gudu dama. Har aka kira la'asar muna haka, zufa ta jiƙa mini riga, Alhaji ya fara neman lambar mutumin Kano.

Ya sake kiran Binta. Ta ce, "Wai Baba Idi a ina yake saurare?" Aka nuna mata ni. Ta ce, "A ƙasa? Ya hau kujerar mana!"

Kujerar maigida? Ko ƙanensa ba ya zama a kanta. Na ce, "A yi mini rai, ranka ya daɗe, in aka ji a gari fa?" Alhaji ya ajiye wayar. Ya tashi, ya tattare babbar rigarsa, ya zauna a kan darduma. Ya ce, "To ga ni a ƙasa. In ba ka hau ba, nan zan wuni."

Na ɗosana a gefen kujerar kamar mai jiran hukunci. Ya ce in jingina. Na jingina, kuma nan take na ji ta dama ta riga ta hagu isowa. Na tashi na ja ta baya kamar faɗin tafin hannu, na dawo. Jama'a, sai ga mai garaya a gabana, a tsakiya, tsakanin allunan nan biyu inda babu komai sai iska. Ina jin yatsansa a kan tsirkiya. Ina jin ya ja numfashi kafin ya ɗauki waƙa. Na tsufa a harkar sauti ban san mawaƙi yana numfashi ba. Na rufe ido.

Abin da na koya, ku riƙe shi: kafin ku taɓa waya, ku tambayi inda mai saurare zai zauna, ku je can ku zauna, ko da wurin ya fi ƙarfinku. Masallacin yana hannuna har yau, kuma yanzu sahun tsofaffi nake zuwa in gwada, ba wajen mai shayi ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi ido rufe ba. Ƙarar tire na ji. Hajiya Asabe ce, matar Alhaji, tsaye da abinci. Ta dubi mijinta a ƙasa, ta dube ni na miƙe ƙafa a kan kujera. Ta ɗan rusuna mini ta ce, "Maigida, a ajiye maka nan ne, ko sai yaronka ya kawo maka ruwan wanke hannu?"