Majo Na Allah da Takardar da Na Rubuta a Kansa

Kowace safiya, kafin ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, Majo Na Allah yakan fito ya bi bencin da ke ƙarƙashin dogon yaro daga wannan kai zuwa wancan. Majo shi ne sunan da muke kiran babban ma'aikacin jinya na gidan likita. Ba ya tambayar wa ya riga wani zuwa. Sai ya tsuguna gaban mutum, ya gaishe shi, ya kama wuyan hannunsa, idonsa na kan agogo. Ya ƙirga bugun jini, ya ƙirga numfashi, ya auna tansiyo, wato hawan jini, da zafin jiki, ya tambayi mutum sunansa da garinsu don ya ji ko hankalinsa na tare da shi. Duka bai fi minti uku ba. Daga nan sai ka ji ya ce, "Kai jira. Ke ma jira. Baba, kai taso mu shiga."

Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, mafi yawansu a ƙauyenmu da ke kwamin ɗin Kanan-Bakashe, wato ƙaramar hukumarmu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba shi da injin hoto, ba shi da ɗakin awon jini. Abubuwan nan biyar da yake aunawa su ne ke gaya masa wanda zai iya jira har azahar da wanda mutuwa ta matso kusa da shi.

Shaidu suna da yawa. Salifu mai amalanke yakan ba da labarin ranar da ya zo neman ƙwayar tari kawai, jakinsa ɗaure a bakin ƙofa, Majo ya ƙirga numfashinsa ya ce, "Aika a kwance jakin nan, yau ba ka komawa gida." Kwana tara ya yi a asibitin Mayahi da ciwon huhu. Da ma a ce ni ma irin wannan shaida gare ni. Tawa daban ce, kuma shekara tara ke nan ina ɓoye ta.

Sunana Ishaƙu, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko. Wata ranar kasuwa da hantsi, amalanke ya kife da ƙanena Rabilu, ƙafarsa ta karye. Muka kwaso shi yana ihu, rabin kasuwa na biye da mu. Majo ya duba shi, ya ɗaure ƙafar da katako, ya yi masa allurar rage zafi, ya kira ambilans. Mota ɗaya ce ke yi wa ƙauyuka da dama aiki, kuma mutum ɗaya take ɗauka a kwance.

Muna jira sai Majo ya waiga ƙarshen benci. Wata Bafillata ce zaune, ta jingina da bango, mijinta na tsaye riƙe da sanda. Ba ta kuka, ba ta nishi. Ciwon ciki ne, in ji mijin, tun jiya. Majo ya kama hannunta, na ga fuskarsa ta canza. Ya auna tansiyo har sau biyu, ya ɗaura mata ƙarin ruwa nan take. Da motar ta iso, ya ce, "Ita za a ɗauka."

Na ce, "Majo, mu muka kira motar nan."

"Na sani, Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malamin lakwal a nan. "Rabilu tansiyonsa goma sha uku, bugunsa casa'in. Zai kai la'asar lafiya. Ita tansiyonta takwas, bugunta ɗari da talatin, hannunta ya yi sanyi. Jini take zubarwa a ciki. In ta jira, ba ta kai azahar."

"Ina jinin? Ka dube ta zaune lafiya lau! Ba ka jin ihun wannan?"

"Ina ji. Yana da ƙarfin ihu. Ita ba ta da shi."

Abin da na faɗa masa bayan wannan, a gaban mutanen kasuwa, ba zan iya maimaita shi duka ba. Na ce ai mun san masu shanu suna kawo masa nono da rago, shi ya sa yake fifita su. Ban taɓa ganin an kawo masa ko ƙwarya ɗaya ba. Shi kuwa sai ya kama ɗaya gefen shimfiɗar, suka sa matar a mota.

Motar ta dawo bayan azahar ta ɗauki Rabilu. Ƙafarsa ta warke, yau noma yake yi da ita. Amma ni zuciyata ba ta huce ba. Na zauna na rubuta takarda da faransanci zuwa ga shugabanninsa, na ce Majo yana tsallake layi don abin hannu, kuma muna so a riƙa bin mutane yadda suka zo. Na zagaya gari, mutum goma sha huɗu suka sa hannu, don sun yarda da malamin ƴaƴansu. Bayan wata biyu aka ɗauke shi aka kai shi wani ɗan ɗakin shan magani can bayan garin Sarkin Hausa, inda ko moto mai taya biyu sai da ƙyar take shiga da damina. Iyalinsa suka zauna nan, shi yana can.

Saurayin da aka kawo a madadinsa ya ji labarin takardar, don haka ya yi abin da muka nema. Ya yanka kwali ya rubuta lamba, kowa da tasa. A shekara ta biyu, Tanna, wadda ke tuya a ƙofar lakwal ɗinmu, ta zo da zazzaɓi. Lamba ta goma sha ɗaya ta samu. Ta zauna shiru, ta lulluɓe kanta da mayafi. Da layi ya zo kanta aka kira, ba ta amsa ba. Ban ce da Majo na nan da ta rayu ba, wannan sanin Allah ne. Na dai san da ya kama hannunta tun da safe. A wurin jana'izarta ban iya ɗaga kai ba.

Ba a daɗe ba na haɗu da mijin Bafillatar nan a kasuwar dabbobi. Shu'aibu sunansa. Bai gane ni ba, sai ya tambaye ni ko na san inda aka kai likitan nan na dā. Ya ce matarsa Aziza ciki ne ya zauna mata ba a mahaifa ba, ya fashe. Likitan da ya yi mata aiki ya ce da an ƙara awa ɗaya, gawa za a kawo. "Ga ta can tana sayar da nono," in ji shi. "So nake in yi masa godiya, ko sunansa ban sani ba." Na gaya masa sunan. Ban gaya masa nawa ba.

Bayan shekara uku aka maido da Majo. Tun daga lokacin, in zan je lakwal sai in bi ta bayan masallaci don kada mu haɗu. In mun haɗu kuwa, shi ke fara gaishe ni.

Makon jiya na tafi gidansa bayan la'asar. Na zauna a ƙasa, ya ce in hau tabarma, na ƙi. Na ce, "Majo, takardar nan ni na rubuta ta."

Ya ce, "Na sani. An nuna mini ita. Rubutunka ai ba ya ɓuya, ƴaƴana uku ka koyar."

"Don me ba ka taɓa yi mini magana ba?"

"Ɗan'uwanka ne kwance yana kuka. Kowa zai iya rikicewa." Sai ya ƙara da cewa, "Maganar ragon ce ta yi mini zafi. Ƴata ta ji ta a bakin rijiya, ta zo tana tambayata ko gaskiya ne."

Sai ya ce ya yafe tun tuni, ya sa aka kawo mini ruwa.

Majo Na Allah, kai ne mai jin ciwon wanda bai yi kuka ba. Kai ne ka tsaya gaban kasuwa guda ana zaginka, ba ka sauke matar nan daga mota ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka.

Ku matasan da ke shiga wannan aiki, ku je wurinsa tun yana kusa, ku koyi fitowa ku bi benci kafin ku buɗe ƙofa. Mu kuma masu kawo marasa lafiya, in aka tsallake namu aka ɗauki wani, mu tambayi dalili kafin mu buɗe baki.

A gaban jama'a na yi masa ƙazafi, don haka a gaban jama'a nake janye shi. Majo bai taɓa karɓar rago ko nono don ya fifita kowa ba. Ni Ishaƙu na ƙirƙiri maganar, kuma ƙarya ce. Ku goma sha huɗun da kuka sa hannu saboda ni, ku ma ku yafe mini. Gidansa na nan gabas da kasuwa, kuma bayan la'asar ana samunsa.