Launin da Tsvetana Ta Daina Gani

Tun tana budurwa Tsvetana Gocheva ke auna tsamin madara a masana'antar cukun ƙauyensu, can cikin tsaunukan Rodopi. Kowace safiya makiyaya kan jera tulunan madarar tumaki a bakin tagarta. Takan ɗebi kaɗan a kofin gilashi, ta ɗiga maganin da ke nuna launi, sannan ta buɗe famfon dogon bututu mai lambobi, ruwan soda mai kashe tsami ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo. Da zarar madarar ta yi jaja-jaja, tsami ya mutu ke nan, sai ta rufe ta karanta lamba. Idan madarar ta sha soda da yawa, ta fara lalacewa ke nan, mai ita ya koma da abarsa.

Aikin duk na ido ne, ga shi bana idon ya fara yana. Ba ta gaya wa kowa ba. Takan matsa da kofin kusa da taga, tana jiran launin da ba ta gani sai ya yi duhu, soda kuwa na ta sauka, lamba na hawa. In manaja ya sani, gida zai tura ta.

Ran Talata ta mayar da madarar Radko, makiyayin da ta yi goyonsa yana jariri. Ran Laraba ma haka. Ran Alhamis ya zuro kai ta taga.

"Goggo, yau a gabana za ki auna. Ko tumakina lemon tsami suke kiwo ban sani ba?"

"Janye min wannan kan naka mai warin akuya," in ji ta.

Ta buɗe famfon. Ɗigo ya sauka, wani ya biyo. Ita fari kawai take gani.

"Ai ta juya," in ji Radko. Dariyar ta bar muryarsa. "Goggo, rufe. Ta juya tun ɗazu."

Ta rufe, ta kai fuska dab da bututun ta karanta. Madarar lafiyarta ƙalau. Ta tuna tulunan da ta mayar cikin watan nan, na mutanen da ke tsaye a layi yanzu.

"Shigo da tulunka," ta ce.

Ta cire farar rigar aiki ta rataye a ƙusa, ta nufi ofishin manaja don ta gaya masa da bakinta, tana dafa bango.