Baba Arzika, Mutumin da Ya Zaɓa Mana Saja

Duk mai bin hanyar Rikoto a nan Zuru da safe ya san shi. Zai jingine tsohon mashin ɗinsa a gindin dogon yaro, ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa kafin ya yi shara don kada ƙura ta shiga kayan mutane. Sai ya kunna rediyon nan nasa da ya girmi rabin masu kawo masa gyara, ya goge gilashinsa da bakin riga, ya wanke hannu ya tsane su sarai. Kafin nan ba ya taɓa kayan kowa, ko da mai kayan yana tsaye yana duba agogo.

Baba Arzika ke nan. Da rediyo ya fara tun ba a haife ni ba, ya koma talabijin, ya koma waya, har ya zama shi ake nema in za a haɗa kwamfuta. Yanzu idonsa ya fara gajiya, kuma a ƙarshen watan nan zai miƙa shagon ga ɗiyarsa Fadima. Ni kuwa na ce ba zai tafi hutu shiru ba, sai na faɗa wa mutanen Zuru abin da ya yi a gidana.

Yana da wata al'ada da ke ba mutane haushi a farko. In ka ce ya haɗa maka kwamfuta, ba zai ba ka amsa a shago ba. Sai ya je ya ga ɗakin da za ta zauna, kuma da rana tsaka, lokacin da kwano ya ɗau zafi. Ku tambayi Ebenezer mai shagon gem a Bena. Baba ya bi shi har can, ya ɗora tafin hannu a bango, ya ce ba zai ɗaura ko sukuru ɗaya ba sai an fasa taga ta baya. Ebenezer ya faɗa mini da bakinsa cewa ranar ya yi ta mita, wai ya kira mai kwamfuta ya samu birkila. Har yau kwamfutocinsa ba su taɓa mutuwa da zafin bazara ba, kuma shi ne ya turo ni wajen Baba.

Ɗiyata Keziah tana da sikila. Uwar da ke da irin wannan yarinya ta san yadda ake zama: ido a kan ruwan sha, ido a kan zafi, ido a kan sanyi. Ga ta da son ƙwallo kamar me, amma fili ba nata ba ne. Babanta Philemon soja ne, yana can arewa maso gabas, yakan daɗe bai zo ba. Abin da ya haɗa su shi ne gem na ƙwallo, shi daga can in ya samu sabis, ita daga nan a tsohuwar laftof ɗina. To laftof ɗin ta fara halinta. Ana tsakiyar wasa sai ta ɗau zafi ta daskare. Sau ɗaya, sau biyu, har Keziah ta daina tambayar yaushe babanta zai kira. In ya kira, “lafiya lau” kawai take cewa ta miƙo mini waya. Ba kwamfuta ce ta dame ni ba. Ina kallon ɗiyata tana sabawa da rashin ubanta, wannan ne ya hana ni sakat.

Philemon ya ce a haɗa mata ta tebur, sabuwa. Ya yi bincikensa a can, abokansa sun gaya masa cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana zuwa ne da lamba: akwai mai uku, mai biyar, mai bakwai, mai tara. Ku kun san mu gidajen soja, komai da muƙami muke auna shi. Nan take mai tara ya zama janar, kuma mijina ya ce ɗiyarsa sai janar.

Baba ya zo gidanmu rana na dukan kwano. Ya taɓa bango, ya duba batirin solarmu, ya tambayi sau nawa wutar gari ke zuwa, na yi dariya kawai, shi ma ya yi. Sannan ya juyo ya ce, “Maman Keziah, wa za shi zama gabanta?” Na kira ta, na kuma faɗa masa lalurarta. Ya zauna a kujerar roba ya sa ta nuna masa wasan, ya kalla har laftof ɗin ta daskare. Sai ya ce in kira masa mai gida, in sa kowa ya ji.

Philemon bai ɓata lokaci ba. “Baba, ɗiya ɗaya gare ni. Janar za a sa mata.”

“Madalla. Oga soja, janar na tahiya shi ɗai?”

Mijina ya ce a'a, da direba da masu gadi da janareta.

“To wanga ma haka yake,” in ji Baba. Ya bayyana masa cewa mai lamba tara zai zo da babbar fanka da babban abin wuta, ya shanye batirinmu kafin la'asar, kuma duk zafin da ya huro a ɗan ɗakin nan zai tsaya, Keziah ce za ta zauna a cikinsa. Wasan ƙwallo kuwa, mai lamba biyar na zamani ya ishe shi har da saura, muddin an haɗa shi da katin hoto mai kyau, don shi ke ɗaukar nauyin abin da ido ke gani. Philemon ya ce “to” irin ta wanda bai gamsu ba. Na san halinsa. Mutum ne da ke nesa, yana so ya aiko da mafi girman abin da hannunsa zai kai.

Baba ma ya gane. Ya sassauta murya ya ce, “Kai mi ne muƙaminka?”

“Saja.”

“In rana ta take, wa ka tsayawa cikinta ya yi aikin?”

Dariyar da mijina ya yi, na daɗe ban ji irinta ba. Ya ce shi ke nan, a kawo saja.

Kai ne, Baba, ka zauna ka haɗa ta da idon nan da kake cewa ya gaji. Na ga yadda ka riƙe ɗan furosesan nan mai faɗin biskit ta gefe-gefe, ka saita shi ya zauna da kansa ba ka danna ba. Kai ne ka juya teburin don iska mai zafi ta bi ta taga, ba ta kan ƙafar yarinya ba. Da na ce ina tsoron baƙin da ke shigowa ta intanet, ba ka ce na cika tsoro ba, ka rufe komai ka bar ta ita da babanta, ka koya mini inda zan duba. Kai ne kuma ka kafa dokar da har yau ba ta karya ba: in an tafi hutun rabin lokaci, 'yan wasa su sha ruwa, koci Keziah ma ta sha. Arzika mai tafin hannu a bango, wanda ke auna ɗaki kafin ya zaɓi kaya.

Ranar gwaji Lahadi ce, mun dawo daga coci, zafi kamar a bakin murhu. Ni dai ina bakin ƙofa, hannuna ɗaya a kan akwatin kwamfutar ina jiran ya ɗau zafi. Aka take wasa, ita da babanta, yana kan layi a wayata. Aka je hutu, ta ɗaga gora ta sha. Aka dawo. Jama'a, kwamfutar nan ko tari ba ta yi ba! Akwatin ɗumi kawai, batir na nan, ɗaki na nan yadda yake. Can kusa da tashi Keziah ta zura wa babanta ƙwallo, ta miƙe tsaye a kan kujera, ni kuma da ya kamata in ce ta sauko sai ga ni ina buɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ta jawo wayar kusa da bakinta ta ce, “Saja Philemon, a sake ne ko ka gaji?”

Ba su sake ba ma. Hira suka shiga, ta makaranta, ta ƙawarta da suka ɓata, ta allurar da aka yi mata ba ta yi kuka ba, duk abin da ta tara ba ta faɗa masa ba. Sai da wayarsa ta mutu suka rabu. Tun daga ranar, ita ke tambayata ko babanta ya samu sabis.

Baba Arzika, mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ji daɗin hutunka, ya riƙa wa Fadima, wadda na ji an ce ita ma ba ta ba da amsa a shago. Philemon ya ce ranar da ya sauka Zuru, kafin ya ajiye jaka zai tsaya a gindin dogon yaron nan ya sara maka.

Ku kuma masu sana'a, ko kwamfuta kuke haɗawa, ko ɗinki, ko gini, ku ɗauki wannan daga wajensa. Kafin ku miƙa wa mutum mafi girman abin da ke shagonku, ku je ku ga ɗakin, ku tambayi wa zai zauna a ciki. A namu ɗakin Keziah ce, kuma babanta har yanzu bai rama ba.