Ranar Gwajin Uwar Agogo

Uwar Agogo suke kiranta a gonar, saboda ma'aunin matsin ruwa da take yawo da shi, mai fuska kamar agogon bango. Shekara goma sha bakwai tana kula da rijiyoyi biyu, ta ɗumi da ta sanyi. Da zafi ana ɗura ruwan ɗumi a ƙarƙashin ƙasa ya kwanta cikin yashi, da sanyi a jawo shi ya ɗumama rumfunan gilashi inda ake renon shuke-shuke. Duk wata uku sai ta kashe injinan duka, ta rufe bawul ɗin da ke tare ruwa a bututu, ta zauna awa shida tana rubuta yadda allurar ma'aunin ke sauka. In ta sauka sannu a hankali, ajiya tana nan lafiya. In ta zame da sauri, ruwan yana zurarewa wani wuri.

Aikin ba wuya, mutane ne wuyarsa. Wannan ya leƙo ya ce yaushe za a kunna, wancan ya ce ai zama kawai take yi. Ta gaji da bayani har ta koma harara, kuma hararar ta fi aiki.

Sai ga shi gwaji huɗu a jere allurar tana yi mata wulaƙanci. Tana sauka lafiya lau, da ƙarfe biyu da rabi sai ta zame, bayan minti arba'in ta dawo kamar ba ita ba. Sabon injiniya ya duba a kwamfutarsa, bai ko taka bakin rijiyar ba, ya yanke hukunci.

"Mama, rijiyar ɗumin nan ta tsage. Rufe ta za mu yi kafin sanyi."

"Tsagewar da ta san ƙarfe biyu da rabi? Injiniya, wani ne ke jan ruwa."

"Wa?"

Ya ba ta gwaji ɗaya, in aka sake samun haka, a rufe. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don a gabanta aka haƙa rijiyar, kuma ta san rufe ta na nufin zafin wata shida ya tafi a banza.

Ta bi maƙwabta gida gida, ta yi faɗa da mai wankin mota, ta zargi maigadin gonar har ya daina gaishe ta. Ranar gwajin ƙarshe ta zauna a ɗan ɗakin injin, ranta a ɓace. Ƙarfe biyu maigidanta ya shigo da kwanon abinci, kamar yadda ya saba duk ranar gwaji tun da ya ajiye tuƙi bara. Mutumin kirki ne, amma ko kujerar asibiti ba ta iya riƙe shi minti biyar. Ya ajiye kwanon, ya miƙe.

"Ci abinki, bari in zaga in ba furannin nan ruwa."

Ta kai loma baki, sai ta tsaya.

"Malam, da wane ruwa?"

"Tsohuwar rijiyar baya mana. Kullum na zo injinanku a kashe, tsirrai na wahala. Ni na gyara ƙaramin injin da hannuna, bai wuce minti arba'in ba nake gamawa."

Har da alfahari ya faɗa. Ga shi kuwa daga yashi ɗaya tsohuwar rijiyar take sha da tata. Ta dube shi, ta tuna mai wankin mota da maigadi, kunya da haushi suka taso mata tare.

"Zauna."

"Yanzu zan dawo."

"Zauna, Malam. Hannunka a kan gwiwa."

Ya zauna a kan bokitin da aka kife. Biyu da rabi ta yi, allurar ta ci gaba da sauka a hankali, ko gezau ba ta yi ba. Uku ta wuce, huɗu ta wuce. Ya yi hamma, ya sosa ƙeya, ya ƙirga ƙusoshin bango. Ita kuwa rubutu take.

Da awa shida ta cika, ya miƙe da ƙyar yana dafe ƙugu.

"Shekara goma sha bakwai, wannan zaman kike yi?"

"Shi ne wanda kake ce wa hutu."

Ta miƙa masa kwanon, ta ɗauki littafinta.

"Mu je wajen injiniya, da bakinka za ka faɗa masa. Daga can kuma ka raka ni in ba maigadi haƙuri."